Yajin da Inna ta yi da Sifaniyanci

A gidanmu jika bai cika ɗan gida ba sai ranar da ya buɗe baki ya mayar wa Inna da martani. Inna mahaifiyata ce, kuma ban taɓa ganin tsohuwar da ta riƙe wasan kaka da jika hannu biyu kamarta ba. Duk jikanta namiji mijinta ne, kuma a cikinsu babu na kirki. Wannan rago ne, wancan ƙeyarsa ta yi tsawo, wancan tun da ta aure shi bai taɓa kawo mata ko tsinken tsire ba. In ta gama jera laifinsu sai ta ɗaure ɗankwali tamau, ta ce yau za ta yi yaji. Yaron da ya tsaya ya ce mata ta tafi mana, wa zai je bikonta, shi ne za ta kira ɗaki daga baya ta damƙa masa ƙuli-ƙuli a ɓoye. 'Ya'yana maza duk ta wannan ƙofar suka bi. Mu Gobirawa dama wasa a jininmu yake, ko Bayarabe ne ya shigo kasuwar Sabon Birni ba ya fita sai mun yi masa tsiya ya rama.

Jika ɗaya ne bai taɓa ramawa ba, shi ne ɗan da autanmu ya haifa.

Auta ya bar gida yana saurayi. Ya bi motocin Maraɗi, daga nan labarinsa ya riƙa zuwa mana daga wannan gari zuwa wancan, har Allah ya kai shi Sifen. Abin da ya gani a hanya bai taɓa gaya mana duka ba, mu ma ba mu matsa ba. A can ya sami aiki a gonakin tumatir da tattasai, irin waɗanda ake rufewa da leda. Da Inna ta ji sai ta ce in dai noma ne, ai da ya yi zamansa a ƙauyenmu Gatawa ya huta da tafiya. Ya auri 'yar ƙasar, mace mai fara'a da ke gaishe mu da hannu a ƙirji, suka haifi namiji. Lokacin da wannan abu ya faru yaron bai wuce shekara biyar ba. Gashinsa a nannaɗe yake irin na uwarsa, amma goshin na marigayi mahaifinmu ne sak.

Inna tana wurina a Sabon Birni tun da kwana a ƙauye ya fara gagarar mutane, saboda haka da wayata ake yin kiran bidiyo. Sabis a unguwarmu sai an yi farautarsa. In na gida ya ɗauke mu koma layin Nijar, shi kuma ba ya kamawa sai a lungun da ke bayan rumbu, kuma sai an ɗaga hannu sama. Ni ce mai hawa kujera 'yar tsugunno in riƙe waya har kafaɗata ta yi tsami, Inna tana ƙasa ta ɗaga kai. Da fuskar yaron ta fito sai ta kwarara murya ta ce "Mijina!" Shi kuwa ya ga tsohuwa mai tsage tana ihu da harshen da ba ya ji, sai ya zame ya ɓuya bayan uwarsa. Uban ya lallashe shi ya leƙo, ya ce sannu a gurguje, ya ruga. Haka ake yi kowane kira.

Wata rana bayan an kashe waya Inna ba ta tashi daga lungun ba. Ta zauna a ƙasa ta jingina da rumbu.

"Yaron ga bai san ni ba," in ji ta. "Shina kallona kamar mai tallan magani. Hakanan za ni mutuwa, jikana bai taɓa ce mani komi ba?"

Na ce, "Inna, ba ya jin Hausa ne. In ya girma zai koya."

"In ya girma ina ina? Ke Malama, a koya mani nashi."

Malama take ce mini, don ni ce 'yar fari, ba ta kama sunana. Na tambaye ta nasa me.

"Yaren nasu mana. Ba duka ba, ba wa'azi za ni yi ba. Magana guda. In ce mai za ni yi yaji, in ga abin da za shi cewa."

Ta kuma kafa sharaɗi, kada Auta ya ji, don bakinsa ba ya riƙe magana. Na yi dariya har na riƙe ciki. Wallahi ko a raina ban ga wata matsala ba, abin da na gani kawai shi ne uwata za ta yi yaji da Sifaniyanci.

Ni malamar aji ɗaya ce. Aikina kenan tun ina budurwa, in kama kalma in karya ta gaɓa-gaɓa in zuba wa yara a baki: ba-ba, tu-lu, ra-ƙu-mi. Saboda haka na shiga aikin da ƙarfin gwiwa. Akwai ƙamus a waya mai muryar wata mata, kana rubuta magana ta faɗa maka, ta kuma raba maka ita. Da na sa mata yaji sai ta kawo mini barkono. Na haƙura na koma "zan bar ka". Ta ba ni biyu, wata gajeruwa, *te dejaré*, da wata doguwa, *te abandonaré*. Na kunna wa Inna duka ta saurara da ido a rufe.

"Doguwar," ta ce. "Ta hi cika baki. Ba a yaji da guntuwar magana."

Kafin in fara koya mata sai da na zauna na koya wa kaina, kuma a nan kalmar ta kama ni. Asalinta *abandonar*, gaɓa huɗu, a-ban-do-nar. Gangar jikinta, wato *abandon*, ba ta motsi ko kaɗan. Wutsiyar ce ke canzawa. Mu a gaba muke sa mai aiki, mu ce na bari, ka bari, za ni bari. Su kuwa a baya suke ɗaura shi. In ka ce *abandono*, ni ce nake bari. In ka ce *abandonas*, kai ne. In ka mayar da kalmar cikakkiya ka ƙara mata ɗan *é* a ƙarshe, *abandonaré*, to ni ce, amma ban tafi ba tukuna, shiri nake. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne kowace kalma tasu tana da gaɓa ɗaya tak da ake dannawa, sauran duk su bi ta a guje. Kuma nauyin ba ya zama wuri ɗaya. A *abandono* yana kan *do*. A *abandonar* ya koma kan *nar*. A tamu ta yaji ya tafi can ƙarshe kan *ré*, har sun soka masa ɗan tsinke a ka don kada a manta. Na kwana biyu ina wasa da wannan, ina girki ina danna gaɓoɓi, har maigidana ya tambaye ni ko lafiya.

Da na yi wa Inna bayani, ita abu ɗaya ta ɗauka.

"To, su wutsiyassu ka magana kenan. Allah mai iko."

Muka fara darasi da la'asar a tsakar gida, yadda nake yi a aji, da tafi. Te, tafi. A, tafi. Ban, tafi. Gaɓoɓin ba su ba ta wahala ba ko kaɗan, don babu wadda babu irinta a Hausa. In na ce ta faɗe su ɗai-ɗai, sai ka rantse a can aka haife ta. Da an ce ta haɗa, sai ta ja su ta rera: taa-baan-doo-naa-ree, da hawa da sauka, sak mai tallan nono. In na ce ta danna ta ƙarshe sai ta danna *ban*. In na ce ba *ban* ba, sai ta danna duka, kamar tana faɗa da kurma. Ni kuma Allah bai ba ni haƙuri da manya ba, yara kawai nake iya jurewa. Rannan na gaji na ce mata 'yan aji ɗaya da tuni sun iya.

"To tai ki ɗauko uwa cikinsu," in ji ta. Ta kakkaɓe zane ta shige ɗaki.

Da darasin ya mutu a nan, ba don Gwaggo ba. Ƙanwar mahaifinmu ce, tana aure a Isa, kuma tun Inna tana amarya suke tsiya da juna. Lokacin kaka ne, ta sami ranar da hanya ta yi sauƙi ta zo mana da sabon gero a buhu, ta ce fura take so ta gaske, ba ta inji ba. Na daɗe da hana Inna daka saboda bayanta, amma wa ya isa ya shiga tsakanin waɗannan biyun da turmi? Aka surfa, aka wanke, aka baza ya sha iska. Suna jiran ya tsane Inna ta kai ƙarata, wai na mayar da ita 'yar makaranta ina mata tsawa. Gwaggo ta ce a kunna mata abin ta ji. Na kunna. Ta ce a sake. Na sake. Sai ta dube ni sheƙeƙe.

"Wanga shi na kuka kwana kuna wahala? Ke da bokonki ba ki ji ba? Ai lugude na."

Ta miƙe ta ɗauki taɓarya, ta miƙa wa Inna ɗaya. Aka zuba gero a turmi. Wanda ya san lugude ya san ba a haɗa taɓarya biyu a ciki, wannan na sauka wannan na tashi. Gwaggo ta buga ta ce *te*. Inna ta buga ta ce *a*. Gwaggo *ban*, Inna *do*, Gwaggo *na*. Sai Gwaggo ta daka mata tsawa ta ce, "Jehwa ta!" Inna ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, ta sauko da ita da ƙarfinta duka: *ré!*

Turmin ya amsa har ƙasa ta motsa a tafin ƙafata. Na kunna matar cikin waya don in gwada. Babu bambanci. Taɓarya ba ta jira, saboda haka babu damar jan gaɓa a rera ta, dole kowace ta fito gajeruwa ta wuce. Ta ƙarshe kuma, mai zuwa bayan tafi, ita ce ta kwashe nauyin duka. Abin da na yi ta fama da shi da tafi da tsawa, turmi ya gama shi kafin gero ya zama gari.

Suka ƙi dainawa. Suka ƙara sauri, suna yi suna dariya, ɗankwalin Gwaggo ya faɗi ba ta kula ba. Matan maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga, don an daɗe ba a ji lugude mai tafi a unguwar ba. Kafin magariba mata huɗu ne a kan turmin suna karɓa-karɓa. Ba su san me suke faɗa ba sai da Inna ta fassara musu, aka kuwa fashe da shewa. Cikin 'yan kwanaki kalmar ta gama layinmu. Matar mai shayi ta faɗa wa mijinta ita da ya dawo babu cefane, ya zo har ƙofar gida yana tambayar maigidana ko wani sabon asiri ne. Ni da kunnena na ji wani ɗan kabu-kabu ya wuce abokinsa a guje a hanyar tasha, ya waiwaya ya ce masa "abandonare!" kuma wallahi a daidai wurin ya danna.

Ranar kira Inna ta yi wanka tun azahar. Ta sa atamfar Sallah, ta zizara kwalli, ta shafa turare kamar ana jin ƙamshi ta waya. Gwaggo ta ɗage komawarta Isa don ta ga ƙarshen aikinta. Muka tafi bayan rumbu, na hau kujerata. Sabis ya yi mana kirki ranar, hoto ya fito tar. Ga Auta, ga matarsa, ga yaron a cinyarta yana cin wani abu a kofi. Aka gaisa. Inna ta gyara tsayuwa ta ɗaure ɗankwali tamau yadda take yi wa sauran jikoki, ta nuna shi da yatsa, ta murtuke fuska irin ta wasa. Na ga kafaɗarta tana motsi, tana bin taɓaryar da babu.

"Mijina! *Te abandonaré!*"

Ta fito tsaf, ko ɗigo babu na gyara. Gwaggo ta riga ta kama hanci za ta rangaɗa guɗa.

Yaron ya tsaya da cin abinsa. Wannan ne karo na farko a rayuwarsa da ya fahimci abin da kakarsa ta ce masa, kuma ya fahimta sarai. Ya dubi uwarsa, ya dubi waya. Sai ya ɓarke da wani irin kuka, ya ƙanƙame wuyan uwar yana maimaita wata magana. Fuskar matar ta sauya, ta ɗauke shi ta fita daga hoton.

"Inna!" in ji Auta. "Wa yak koya maki wanga? Kin san abin da kic ce mai?"

Kafin kowa ya amsa sabis ya ɗauke.

Na sauko daga kujera. Inna ta kwance ɗankwalin da ta ɗaure, ta riƙe shi a hannu ta wuce ɗaki. Ranar ba ta ci tuwo ba. Na ji tausayinta har cikin ƙashina, don ban taɓa ganin wasa ya juye mata ba, ita da ko jariri ta yi wa tsiya sai ya yi murmushi. Washegari Gwaggo ta koma Isa jiki a sanyaye, tana cewa ita ta ja, da ta bar mu da tallan nononmu da yaron bai ji komai ba.

Da Auta ya sake kira ni kaɗai na je bayan rumbu, kuma da shirina na je. Ya fara cewa yaron ya yi ta tambaya me ya yi wa kakarsa da za ta yar da shi, matarsa kuma ta rasa gane yadda tsohuwa za ta zauna ta koyi magana guda ɗaya tak, ta zaɓi wannan. Ban bari ya kai aya ba.

"Kai dakata. Shekara nawa kana tare da matar ga? Ba ka taɓa gaya mata yadda kaka ka wasa da jika ba?"

Ban jira amsarsa ba, na ɗora.

"Kai da kakarmu take kora da muciya kana ce mata mai baki babu haƙora? Ka koya ma ɗanka cin tuwo da hannu, ka koya mai bisimilla, ba ka gaya mai shina da mata a Sabon Birni ba?"

"Yaya, wallahi bai taɓa zo mani a rai ba," ya ce. "Nan kakatai ta wajen uwa sai sumba da alewa. Ba wanda ka zagin wani."

"To ka ji da kyau. Inna ta bar cin abinci. Ka zaunar da matarka ka yi mata bayani tun daga tushe, in ba haka ba ni da kai ne."

Ya yi dariya duk da halin da ake ciki, ya ce har yanzu ban canza ba. Na ce ba ni da niyya.

Ban san yadda ya yi bayanin ba. Abin da na sani, bayan kwana kaɗan saƙo ya shigo wayata daga matarsa, karo na farko da ta rubuto mini ita kaɗai. Na'ura ce ta fassara mata, Hausar duk a karkace, amma na gane. Ta ce ta yi kuka da ta fahimta, daga baya kuma ta yi dariya. Ta ce in wasa ne, to ɗanta ba zai zauna a ci shi ba. Me yaro yake mayarwa?

Nan take matar ta shiga raina, kuma har yau ba ta fita ba.

Na zaɓa musu magana, na karya ta gaɓa-gaɓa na rubuta, na kuma aika da murya. Sai wahalar ta juyo ta ɗaya gefen. Kalmar farko ita ce *tsohuwa*. Ashe su in sun ga *h* a rubuce ba sa faɗarta, sai ta dawo mini da murya tana cewa co-u-wa. Na aika mata *hu* kaɗai, ina huci kamar mai hura wuta. Ta gyara. *Tso* kuwa na haƙura da ita, don na ga harshensu ba zai taɓa tsattsage ta ba. Sannan ta yi mini tambayar da ta tsayar da ni: a wace gaɓa ake dannawa? Na faɗi kalmar a bakina sau da yawa ina nema. Babu. Mu ba ma danna ɗaya mu bar saura, hawa muke mu sauka, mu ja wata mu gajarta wata. Shekara da shekaru ina koyar da gaɓa, sai da baƙuwa ta tambaye ni na lura da haka. Na ce mata kada ta danna komai, ta rera kawai, kamar waƙa. Abin da na yi ta yi wa Inna tsawa a kansa, shi nake roƙon wata ta yi. Ta ce a kan teburin cin abinci suke koyo, tana buga cokali yaron yana bi.

Duk wannan Inna ba ta sani ba. Ta koma cin abinci, amma ta daina tambayar yaushe za a kira. Ko jikokinta na gida ta rage yi musu tsiya, har ƙaramin ɗana ya zo yana tambayata ko matarsa ba ta da lafiya.

Ranar da aka shirya, na ce mata Auta yana son gaishe ta.

"Ki gaishe shi. Ni ba ni zuwa in sake hirgita musu yaro."

"Inna, ɗanki na. Ko shi ma kin yi mai yaji?"

Ta harare ni, amma ta tashi. Ba kwalli, ba turare, da zanen da take tsintar wake ta zo. Ta tsaya nesa da inda ta saba tsayawa, ta gaisa da Auta a taƙaice, ta amsa gaisuwar matarsa ba tare da ta ɗaga ido sosai ba. Sai Auta ya matsa gefe. Yaron ya fito tsakiyar hoto, a tsaye kan kujera, ya riƙe ƙugu da hannu biyu. Ya haɗe gira iya ƙarfinsa. Daga gefe na ji cokali ya fara bugun tebur.

"Co-hu-wa!" ya ce. "Ba-ki-i-ya-tu-wo-ba!"

Dariya ta taso mini na danne. Inna ta tsaya cak. Ta dube ni, ta dubi waya. Ta matso taku ɗaya.

"Mi yac ce?"

Yaron ya waiwaya wajen uwarsa, ta gyaɗa masa kai. Ya ƙara buɗe murya.

"Co-hu-wa! Ba-ki-i-ya-tu-wo-ba!"

"Ni?" Inna ta dafa ƙirji. "Ni ta ban iya tuwo ba? Kai, ɗan nema! Kai da ko gishiri ba ka taɓa aiko mani ba? Dubi kanai kamar gammo! Ubanka da wane tuwo yag girma? Rago, mijin banza, mai gashin tunkiya!"

Ko kalma ɗaya bai ji ba. Amma ya ga bakinta yana faɗa idonta yana dariya, kuma an riga an gaya masa yadda abin yake. Ya ƙyalƙyale har ya kusa faɗowa daga kujera, ya sake faɗar tasa, ta sake zuba masa, ya sake. Uwarsa ta bar bugun cokali tana share ido. Auta ya juya wa waya baya, na san kuka yake, don tun yana yaro haka yake yi. Hawaye na bin tsagen Inna har haɓa, ba ta ko share ba, ba ta kuma sassauta masa ba. Kafaɗata ta yi tsami na canza hannu, na sake canzawa. Sai da batir ya mutu aka rabu.

Na sauko ina murza kafaɗa, na ce to Inna, hankali ya kwanta? Ba ta ko dube ni ba. Ta shige ɗaki da sauri ta fito da mayafi tana neman takalmi.

"Ina za ki kuma da yammacin nan?"

"Ƙara za ni kaiwa."

Na bi ta har zaure. Ta shiga gidan mai shayi ko sallama ba ta gama ba, ina jin muryarta ta katanga.

"Ku hito ku ji abin da anka yi mani yau! Ina zamana lahiya, mijin ga nawa na Sifen ya aiko har gida ya ce ban iya tuwo ba!"

Daga nan ta wuce gida na gaba. Sai da aka kira magariba na aika a taho da ita, ba ta kai ƙarshen layi ba.